Rim Ɗin da Ya Yi Baƙi Ƙirin: Yadda Za a Wanke Shi Ba Tare da An Kashe Shi Ba

[Kiɗan buɗe shiri]

Direbobin da ke kan hanya, Allah ya kai ku lafiya. Ku kuma samari masu wankin mota, da rediyonku ke rataye a reshen bishiya ko a kan tankin ruwa, ku ɗan ƙara murya, domin shirin yau ya fi shafarku a kan kowa.

Zancenmu a kan rim ne, rim na aloyi, wannan mai ƙyalli da ba ya bukatar wilkaba. Ba ƙurar kwana biyu nake nufi ba, wannan ruwa da soso sun ishe ta. Ina nufin rim ɗin da ya shekara ba a kula shi ba, ya yi baƙi kamar gindin tukunya, an wanke an sake wankewa ya ƙi fita.

Shekarun baya na sayi wata tsohuwar mota 'yar Kwatano. Jikinta lafiya lau, amma rim ɗin gaba guda biyu sun dafe. Na kai ta wani wurin wanki. Yaron ya sa omo ya dirje, babu abin da ya canza. Sai ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, wannan sai kemikal. A sa masa?" Na ce, "To ƙanena, sa masa." Ya ɗauko wata gorar ruwa da babu rubutun komai a jikinta, ya yayyafa. Abin ya yi kumfa, wani wari ya bugi hancina har na ja da baya. Cikin minti biyu rim ya fito fari tas, na ji daɗi na ƙara masa kuɗi. Bayan kamar sati uku sai farin ya koma irin na alli, ƙyallin ya mutu, rufin saman ya fara ɓarewa kamar ɓawon albasa, dauɗa kuma ta riƙa kama shi fiye da da. Na yi asarar rim biyu. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai har yau shi ne hannun yaron nan. Babu safa, farcensa sun cinye, fatar yatsunsa ta tsattsage, kuma haka yake tsoma su cikin ruwan nan kullum.

Tun daga ranar na shiga tambayar masu fenti da makanikai, ina karanta abin da masu ƙera rim suke faɗi. Abu na farko da na gane shi ne wanda nake so kowa ya riƙe a wannan shiri: idan kana wanke rim na aloyi, ba ƙarfe kake wankewa ba, fenti kake wankewa.

Rim na aloyi alminiyam ne da aka gauraya da wasu ma'adanai kaɗan, irin su silikon da magniziyam, don ya yi ƙarfi. Ba sabon abu ba ne, tun 1924 kamfanin Bugatti na Faransa ya sa irinsa a motarsa ta tsere. Ana sonsa ne saboda nauyin alminiyam wajen kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin baƙin ƙarfe, kuma yana saurin fitar da zafin birki. Sai dai yawancin rim ɗin da ke kan titinmu an yi musu fenti mai launin azurfa, sannan aka shafe saman da wani rufi garai-garai kamar gilashi. Kaurin wannan rufi bai wuce na takarda ba. Shi ne ƙyallin da kake gani, shi ne kuma yake tsare alminiyam ɗin daga ruwa da gishiri. Idan ya tafi, babu sabulun da zai dawo da shi, sai an koma wajen mai fenti.

Iyayenmu mata za su fi saurin gane wannan. Hajiya, kin san yadda tukunyar alminiyam take dishewa ta yi duhu idan kanwa ta daɗe a cikinta. To haka rim yake. Abu mai kaifin tsami yana cinsa, abu mai ƙarfin kanwa ma yana cinsa.

Yanzu mece ce wannan baƙar dauɗar? Mutane da yawa suna ɗauka hayaƙi ne ko baƙin mai. A'a, ƙurar birki ce. Duk lokacin da ka taka birki, birki-fad yana matse faifan birki, shi kuma faifan nan baƙin ƙarfe ne. Gogayyar tana kankaro garin ƙarfe da garin fad ɗin, su fito da zafi sosai su faɗa kan rim. Da yake da zafinsu suke sauka, sai su lume cikin rufin nan kamar yadda tartsatsin wuta yake lumewa a leda. Ruwan sama ya zo, ko raɓa, garin ƙarfen ya yi tsatsa a inda ya maƙale. Shi ne ɗige-ɗigen nan masu ruwan ƙasa da kake ji ƙaiƙai-ƙaiƙai idan ka shafa da yatsa. Dalilin da ya sa na gaba suka fi baƙi kuwa, birkin gaba ne yake ɗaukar wajen kashi biyu cikin uku na aikin tsayar da mota. Mai yawo cikin cunkoso, yana taka birki kowane taku goma, rim ɗinsa zai riga na mai doguwar tafiya dafewa.

Bayan ƙurar birki akwai kwalta, musamman idan ka bi titin da ake gyara. Akwai jar laka ta damina da take bushewa ta zama kamar bulo a cikin rim. Akwai giris. Akwai kuma wani farin tabo mai kama da sawun tsutsa a ƙarƙashin rufin, wanda aka fi gani a motocin da suka zo daga Amurka da Kanada da Turai, inda ake watsa gishiri a titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara. Wannan na ƙarshe ba dauɗa ba ce, ciwo ne da ya riga ya shiga jikin alminiyam ɗin. Ko za ka kwana kana dirza ba zai fita ba, don haka kada ka wahalar da kanka.

Kowace daga cikin waɗannan da maganinta. Kuskuren da muke yi shi ne neman ruwa guda da zai cinye su gaba ɗaya cikin minti biyu, kuma duk ruwan da zai iya haka, to har rim ɗin zai cinye.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Jama'a, ga abubuwan da nake roƙo a nisanta da rim. Ruwan batir, wanda asid ne mai ƙarfi. Ruwan wankin banɗaki, shi ma asid ne. Sodar da ake haɗa sabulu da ita: idan ta taɓa tsiraicin alminiyam tana narka shi, har ta fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. Soson ƙarfe, da sanfefa, da yashi, da toka, waɗannan suna karce rufin, kowane karce kuma sabon gida ne ga ƙurar birki. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Akwai wanda ya fi su duka haɗari. Wasu ruwan haskaka alminiyam suna ɗauke da asid da ake kira haidirofulorik, ko wani ɗan'uwansa na kusa. Muguntarsa ita ce idan an tsinka shi da ruwa ba ya ƙona ka nan take. Yana ratsa fata shiru, sai bayan sa'o'i zafi ya taso daga ciki, yana cin nama yana zuƙe sinadarin kalshiyam na jiki, har ya kai ga ƙashi. Idan ya zuba wa mutum da yawa yana iya taɓa bugun zuciya. Ƙanena mai wankin mota, idan ruwan da ba ka san asalinsa ba ya zuba maka, cire rigar da ya jiƙa, ka sa wurin ƙarƙashin ruwa mai gudana na aƙalla minti 15, sannan ka tafi asibiti da gorar a hannunka, ko da ba ka jin zafi. Kada a shafa manja, kada a shafa man goge baki ko ƙwai. Kuma kada a taɓa haɗa asid da bilic, haɗin yana fitar da iskar da take shaƙe numfashi. Ku masu wuraren wanki, ku sama wa yaranku safar hannu ta roba da tabarau. Yaran nan amana ce a hannunku.

To yaya ake yi?

Fara da haƙuri. Mota ta dawo daga tafiya, rim da faifan birki suna da zafi, bar su su huce har ka iya ɗora tafin hannunka. Ruwan sanyi a kan faifai mai zafi yana iya lanƙwasa shi, sabulu kuma a kan rim mai zafi bushewa yake yi ya bar tabo. A yi aikin a inuwa, da safe ko da la'asar, kuma rim ɗaya bayan ɗaya. Kada a fesa wa huɗun magani a tare, kafin ka gama na farko na huɗu ya bushe.

Ruwa zalla shi ne farko, da yawa. Kada a hura ƙurar birki da iskar mai faci, kada a kaɗe ta a bushe da tsumma. Birki-fad na da ana yin sa da asbestos, wanda ƙurarsa take jawo cutar huhu da kansa. Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya tun 2005, amma ba ka san abin da ke cikin fad mai araha da aka sa maka ba. Ƙurar da ta jiƙe ba ta tashi ta shiga hanci. Laka kuma a jiƙa ta, a bar ta ta sha ruwa ta saki da kanta. Kada a sa sukundireba a ɓanɓare ta.

Sai sabulu. Sabulun ruwa na wankin mota ya fi, idan babu, na wanke-wanke zai yi a wannan wanki na musamman. Omo yana da kaifi, kuma garinsa da bai narke ba yana karce. Rim ya kasance da bokitinsa da sosonsa daban, domin soson da ya ɗebi garin ƙarfe idan ya hau jikin mota zai zane fentin. A nemi buroshi mai laushi, irin na fenti, don lunguna, da tsohon buroshin haƙori don ramukan noti da kewayen bawul. A wanke gefen taya ma, in ba haka ba dattinta zai riƙa gangarowa kan aikin da ka gama. A ɗauraye.

Yanzu ka duba abin da ya rage. A nan ne maganin garin ƙarfe yake shigowa, kuma ina ganin shi ne abu mafi amfani da aka samar a wannan sana'a. Ruwan feshi ne, ana samunsa a shagunan kayan gyaran mota na manyan birane, akwai na kamfanin Sonax na Jamus, akwai IronX na kamfanin CarPro, da wasunsu. Ba asid mai kaifi ba ne. A ma'aunin pH, wanda yake tashi daga 0 zuwa 14, yana kusa da 7, wato tsakiya, inda ruwan sha yake. Sinadarin da ke cikinsa, tayogilaikolet, dangin wanda ke cikin man cire gashi ne, shi ya sa warinsu ya yi kama, wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Aikinsa shi ne ya nemo tsatsar ƙarfe ya narkar da ita, ya bar fenti. Idan ka fesa, cikin minti ɗaya za ka ga rim yana zubar da wani ruwa mai launin zoɓo. Kada ka tsorata, ƙarfen ne yake narkewa. Bar shi minti 3 zuwa 5, kada ya bushe, ka bi shi da buroshi a hankali, ka ɗauraye da ruwa mai yawa. Rim ɗin da ya shekara zai bukaci zagaye biyu ko uku. Duk zagaye za ka ga launin zoɓon yana raguwa, idan ka fesa bai canza launi ba, ƙarfe ya ƙare.

Na san wani zai ce, Malam, kwalbar nan da tsada. Gaskiya ne. Amma je ka tambayi kuɗin rim ɗaya a kasuwar kayan gyara, ko kuɗin fentin guda huɗu, ka kwatanta. Wanda kuma bai samu ba, ya maimaita jiƙo da sabulu da buroshi sau uku ko huɗu, sannan ya bi ragowar da folish ɗin mota mai laushi a kan tsumman auduga. Zai ci lokaci, amma rufin zai tsira.

Kafin a sa kowane magani, a gwada shi a wani ɓoyayyen wuri ta cikin rim. Kuma a san irin rim ɗin. Ɗiga folish kaɗan a farin tsumma ka goga: idan tsumman ya yi baƙi ƙirin a wurin da ka riga ka wanke tas, to alminiyam ɗin tsirara yake, babu rufi, sai a yi masa sabulu da folish na alminiyam kawai.

Kwalta ba ta jin sabulu, ba ta jin maganin ƙarfe. Ɗan kananzir a tsumma, a ɗora a kan ɗigon na ɗan lokaci, ta yi laushi a share. Nan take a bi wurin da sabulu. Kada kananzir ya taɓa faifan birki ko fad, kada ya zauna a kan taya. Fetur da tina kuwa a bar su, suna dusar da rufin. Idan bayan duk wannan ka shafa ka ji sauran ƙaiƙayi, akwai wani yumɓu na roba mai kama da cingam da masu gyaran fenti suke amfani da shi. Ana jiƙa wurin da ruwan sabulu, a riƙa zamar da shi a kai, yana tsince abin da ya maƙale. Idan ya faɗi ƙasa a yar da shi, ya ɗebi yashi.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Masu sauraro, duk abin da na faɗa fuskar rim ce. Rabin dauɗar tana ciki, inda ido ba ya kaiwa, kuma ta cikin ita ce take taɓa tuƙi. Direba zai dawo daga ƙauye da damina, ya hau kwalta, yana kai gudun kilomita 80 ko 100 sai sitiyari ya kama rawa. Ya tafi wajen makanike a ce masa ƙafar mota ce, a canza wannan a canza wancan. Sau da yawa busasshiyar laka ce ta taru a gefe guda cikin rim ta ɓata balansin. Dubi ɗan ƙarfen da ake mannawa don daidaita taya, 'yan giram ne kawai. To ina ga dunƙulen laka?

Don haka sau ɗaya ko biyu a shekara, musamman bayan damina, a cire tayar. A sassauta noti tun mota tana ƙasa, a ɗaga da jak a wuri mai tauri, a sa abin tokara na ƙarfe. Kada a dogara da jak shi kaɗai, kada a tokare da bulo, bulo yana fashewa ba sallama. A kifa rim a kan kwali ko tsohuwar tabarma don kada fuskar ta karce, a yi wa cikin duk abin da aka yi wa waje. A kula da 'yan ƙarafan balansin, kada buroshi ya ɓalle su. A kula da bawul ma. Motocin da aka sayar sababbi a Amurka tun 2007, da na Turai tun 2014, suna da na'urar auna iskar taya, a yawancinsu kuma a gindin bawul take, asid yana cin ƙarfenta.

Ni a wurina wannan ne lokaci mafi daraja a aikin, domin rim mai tsabta yana faɗa maka gaskiyar motarka. Ka ga baƙin giris ya fantsama a zagaye ta ciki? Robar shaf ta yage. Ka ga wani ruwa mai santsi da ya tayar da fenti? Man birki ne yake yoyo, kada motar ta hau titi sai makanike ya gani. Rim ɗaya ya fi ɗan'uwansa na ɗaya gefen baƙi nesa ba kusa ba? Wataƙila birkin wannan ƙafar yana kamewa. Tayar da kullum sai an ƙara mata iska alhali mai faci bai ga ƙusa ba, duba bakin rim inda taya take zama, sau da yawa wurin ne ya ci. Sannan tsaga. Ramukan titinmu suna tsaga aloyi, domin shi ba ya lanƙwasa kamar rim na ƙarfe, kuma siririyar tsaga tana ɓuya a ƙarƙashin dauɗa. Idan ka gan ta a ƙafar rim ko kusa da ramin noti, shawarata a canza shi. Na san ana walda, amma ni ba zan ɗauki iyalina a kan rim ɗin da aka yi wa walda a wannan wuri ba.

An gama, a tsane shi da tsumma mai laushi. Kada a bar shi ya bushe da kansa, ruwan burtsatse yana barin farin tabo. Sai a shafa masa kakin goge mota, siriri, a bar shi ya ɗan bushe a goge, ciki da waje. Kakin nan ne zai sa ƙurar birki ta zauna a sama ba ta lume ba, ta yadda wankin sati-sati da ruwa da sabulu zai wadatar. Man ƙyallin taya kuma a gefen taya kawai, kada ya kai inda take taka ƙasa.

Wajen mayarwa, a goge fuskar da rim yake haɗuwa da ƙafar mota ta fita tas. A fara ɗaura noti da hannu, a bi su a tsallake, wannan sannan wanda yake fuskantarsa, ba a jere ba. Kada a shafa musu mai. Kada kuma wani ya hau kan sifana yana tsalle, ɗaurin da ya wuce kima yana miƙar da ƙusar ya ɓata mazaunin noti. Kowace mota da awonta a littafinta, Corolla da Camry misali 103 ne a ma'aunin niyuton-mita, kuma akwai sifana mai awo da take yin ƙara idan an kai. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake gwada su, aloyi yakan ɗan saki bayan ɗaurin farko.

Idan ka ga faifan birki ya yi ja-ja da tsatsa bayan wanki, ba komai, taku biyu zai share ta. Amma kafin ka fita babban titi, ja motar a hankali ka taka birki sau uku ko huɗu har ka ji ya kama yadda ka saba, domin jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa a takun farko.

Lokacinmu ya cika, jama'a. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]